Turancin Korar Tsuntsaye

"Ni na zubar wa garin nan da mutunci? Ni? Maimaita, Hashimu. Kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana nan da ransa."

Iya Tambaya ke nan, tana zaune a tsakar gida da faifai a cinya tana tsinkar zogale. Wanda take yi da shi yana can bayan katanga, a nasa gidan: Alhaji Hashimu, ƙanin marigayi mijinta, kuma shugaban kwamitin iyayen yara na firamaren Gidan Hammadu. Shekara arba'in ke nan suna faɗa ta saman katangar nan. Har kajin gidajen biyu sun saba, ba sa ko ɗaga kai.

Ya yi ta zuba daga can. Ta ƙyale shi sai da ya tsaya shan numfashi.

"A'a, ban ja matar gwamnati cikin taɓo ba. Da ƙafafunta ta shiga, guda biyu, kowa ya gani. Kai kana ina ma a ranar? Kana Kumbotso kana cinikin fenti. Labarin a teburin mai shayi ka tsince shi, ya riga ya sha hannu, shi ne ka kwaso mini shi da farar safiya."

To, tunda ba ya nan aka yi, ga yadda abin ya faru.

Gidan Hammadu dai can ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa yake, bayan Bunkure, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Komai ma haka yake iso musu. Makarantarsu aji biyu ce, ɗaya da rufi, ɗaya kuma sai Allah. Malamin Turanci kuwa sai da aka shekara bakwai ana kai kuka kafin a turo musu guda, wani siririn saurayi daga Kura, Malam Musbahu, mai babur da rigar 'yan ofis da yake cusawa cikin wando kamar yana tsoron a sace ta.

Ba wai Iya Tambaya ta damu da Turanci don daɗinsa ba ne. A kunnenta, in ana yin sa, ji take kamar mutum ya cika baki da ɗanwake mai zafi yana neman ruwa. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa, yatsa take dangwalawa, kuma ta ce har yau ba wanda ya taɓa sace mata yatsan. Abin da ya haɗa ta da Turanci, kwalba ce.

Shekara uku da suka wuce, ɗanta Baballe ya yi tumatir na rani wanda duk wanda ya bi ta gefen gonar sai ya ce tubarkalla. Ya yi fure, ya fara 'ya'ya, sai tsutsa ta faɗa masa. Baballe ya je kasuwa ya sayo magani a kwalba mai hoton ganye kore shar a jikinta. Rubutun duk Turanci. Da yake shi ma bai yi boko ba, sai ya kai wa wani mai tabarau a garin ya duba masa. Mai tabarau ya juya kwalba, ya sake juyawa, ya yi gyaran murya, ya ce ai ba shakka wannan shi ne maganin, murfi uku a famfon feshi, a fesa da safe. Baballe ya fesa da safe. Kafin kwana uku tumatir ya murɗe, ya lanƙwashe, ya kwanta bai sake tashi ba. Tsutsar ce kaɗai ta fita lafiya. Ashe maganin ciyawa ne na gonar shinkafa. Ashe mai tabarau hoto ya karanta.

Gari ya ɗora laifin a kan mai shagon da ya sayar masa. Baballe mutum ne mai kunya, bai taɓa faɗin wanda ya duba masa ba. Iya ma ba ta tambaya ba. Ta dai ɗauki kwalbar, ta ƙulle a leda, ta soke a rufin rumbu, ta ce sai an yi mai karanta kwalba a gidan nan kafin a kai ta kushewa. Shi ya sa jikarta Ummukulsum, 'yar Baballe, ba ta fashin makaranta ko da mura ko da biki. Abu ɗaya ne ke hana ta zuwa, shi kuwa ya fi ƙarfin Iya.

Shinkafa ce. Da zarar ta fid da kai ta fara nono, sai tsuntsayen nan jan-baki su sauko kamar hadari. In aka bar gona ɗan lokaci kaɗan ba kowa, sai dai a girbe ƙaiƙayi. Manya suna fama da ban-ruwa, to wa zai yi tsaro? Yara. Daga fitowar rana har faɗuwarta, kowane yaro yana tsaye a gefen gonar ubansa da igiya a hannu, an jera mata gwangwanaye da ledoji, yana ja yana ihu. Wata guda cur ana wannan, wani lokaci har da ɗoriya. Makaranta kuwa sai ƙadangaru.

A irin wannan lokacin ne mai duba makarantu ta zo, Hajiya Halimatu Sa'adiyya, doguwar mace mai jakar hannu da farin takalmi. Ta leƙa ajin Malam Musbahu ta ƙirga: yara uku, akuya ɗaya. Cikin yaran ma ɗaya barci ne ya kawo shi. Ta ce ba za a ajiye malamin Turanci sukutum saboda akuya ba, alhali ga makarantun bakin titi nan yara sun cika aji ba malami. Za ta dawo nan da sati uku, ranar Alhamis. In ta sake tarar da haka, ɗauke shi za a yi.

Hashimu ya tara kwamiti a zaurensa. Da yake ya taɓa yin masinja a ofis yana saurayi, shi ne baturen garin, ba a yanke maganar boko sai da shi. Dabarar da ya kawo ita ce: ranar Alhamis ɗin a kwaso yara duka daga gona, a wanke su, a shafe su da mai, a jera a kan benci, a yi wa bango fenti. Hajiya ta gani ta tafi, kowa ya koma harkarsa.

Iya ba ta cikin kwamiti, amma muryar Hashimu kamar injin ban-ruwa take, daga tsakar gidanta ta ji komai. Ta ce a ranta, to su jan-baki fa, wa zai kai musu takardar hutun Alhamis? Kuma yaron da ya yi wata bai ga allo ba, in an shafe shi da mai sai ya zama Bature?

Washegari ta yafa mayafi ta nufi makaranta. Ta tarar da Malam Musbahu shi kaɗai a ajin mai rufi, ya miƙe ƙafa a kan benci yana latsa waya yana murmushi.

"Salamu alaikum, mijin nawa. Kai kaɗai? Ina 'ya'yan namu?"

Ya yi wuf ya sauke ƙafa. "Sannu da zuwa, Iya. Ai kin san inda suke."

"Na sani. Na kuma ga tun da matar nan ta zo haƙoranka ba su shiga inuwa ba. Bakin titi kake hangowa ko? Inda ake sayar da burodi mai yanka-yanka."

Ya sosa ƙeya. "Ba haka ba ne, Iya. Amma kullum mutum ya taso tun daga Kura, ya sha gargada, ya zo ya koyar da benci? Ya zan yi?"

"Ni tambaya ɗaya ta kawo ni. Turancin nan naka, na ɗaki ne? In rana ta taɓa shi narkewa yake kamar man shanu?"

"Kamar yaya, Iya?"

"Na ga kullum a inuwa kake ajiye shi. Na ce ko irin mai laulayin nan aka ba ku."

"Haba Iya! Shekara uku fa na yi a kwaleji."

"Madalla. Ai ina jin ku daga gida. Karatun naku ba ihu ba ne? Ka faɗa, su amsa da ƙarfi, har kazata ta tashi daga kan ƙwai. Can gona ma ihun suke yi tun safe har magariba, a banza, ba ma'ana. Ihu a nan, ihu a can. Me ya hana ka haɗa su wuri guda?"

"A gona? Iya, ba allo, ba littafi, ba..."

"Nan ɗin littafi nawa gare ku?"

Ya saci kallon littattafan. Huɗu ne, ɗaya ma gara ta riga ta karance rabinsa.

Iya ta gyara mayafi ta juya. "Shi ke nan, zauna abinka. Zan gaya wa matan gari Turancin Malam ba ya jure rana. Kada ka damu, ba za su yi da kai sosai ba. Sai dai a wajen daka da wajen ɗiban ruwa. Da kuma gidan suna."

Da gari ya waye sai ga Malam Musbahu a bakin kanal, ya naɗe ƙafar wando, fuskar nan a murtuke.

Ya hau inda ya fi tudu, ya kafa hannu biyu a baki, ya ƙwala: "Mande!"

Yarinyar gona ta farko ta dube shi kamar ya zautu. Ummukulsum ce daga gona ta uku ta gane, ta ja igiya, gwangwanaye suka kaɗa, ta amsa: "Mande!" Na kusa da ita ya ɗauka, na gaba ya karɓa, kafin ka ce me Mande ta bi kanal ta gangara har gonar ƙarshe, inda ba a ko hango malamin. Ya ce, "Tusde!" Ita ma ta bi sawun 'yar'uwarta.

Su jan-baki tun kakanninsu sun saba da "Haa!" da "Shuu!", har sun mai da shi kiɗan cin abinci. Amma wannan sabon bala'i ba su taɓa jin irinsa ba. Suka tashi, suka yi sama, suka zaga, suka je suka sauka a gonakin mutanen ƙauyen gaba, waɗanda ba su da malamin Turanci.

Nan fa labari ya canza. Iyayen da a da suke cewa boko ɓata ƙafa ne, su ne suke tare babur ɗin Malam tun a hanya. "Malam, yau a gonata za ka tsaya." "Kai, jiya ma ai a taka ya wuni!" Wannan ya kawo masa kankana, wancan ya kawo rake. Baballe ya rantse duk cikin kalmomin ba wadda ta kai Wenesde kora, ya roƙa a riƙa yin ta kullum ko da ranar Juma'a ce. 'Ya'yan rugar Gidaɗo da ke kiwo a ɗaya gefen kanal, waɗanda ba su taɓa taka makarantar ba, su ma suka fara amsawa daga tsakiyar shanu.

Allo kuwa ashe yana nan tuntuni. Kanal ɗin na siminti ne, Malam ya samo gawayi ya riƙa rubutu a jikinsa manya-manya. Ranar da aka sako ruwa, ruwan ya share masa da kansa, ba sai ya sa kowa ba.

Saura littafi. Iya ce ta kawo wa Ummukulsum abinci da rana, ta tarar da Malam yana ƙorafi. Ta nuna igiya da baki.

"Waɗancan fa? Ba rubutu ba ne a jikinsu, ko ado ne?"

Ya duba. Gwangwanin madara, gwangwanin tumatir, ledar sabulu, yagaggen buhun taki, kowanne da Turanci a jikinsa, reras a igiya. Tun daga ranar, in an gama ihun safe, sai ya bi gona-gona, ya tsaya a wajen kowane yaro su karanta abin da ke rataye a igiyar ubansa. Iya ta matsa sai an haɗa da kwalaben magani da ke yashe a gefen gonaki. Ya ce ya yarda, amma ba yaron da zai taɓa su, shi zai soke a tsinin sanda ya ɗaga, su karanta daga nesa. Haka suka san kalmar ciyawa, da ta ƙwari, da ta guba, da ta "kada", wadda Iya ta ce ita ce uwar kalmomi, duk wanda ya san ta ya gama rabin karatu.

Aibi ɗaya ne abin ya zo da shi. Turancin yaran nan a ihu ya shiga, a ihu kuma ya zauna. Ummukulsum yarinya ce mai sanyin murya, in ta gaishe ka da Hausa sai ka ce mata "me kika ce?" Amma da zarar ta juya harshe, sai ta cika ƙirji ta saki wata ƙara, kwanuka su amsa a ɗaki, jariri ya farka a gida na uku. Malam ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya sa yatsa a leɓe. Ina! In ya ce su yi a hankali sai kalmomin su ɓace musu gaba ɗaya, su tsaya suna kallonsa. Sai sun ja igiya sun buɗe maƙogwaro sannan su dawo.

Ana cikin haka sati uku suka kusa cika. Hashimu yana nan a kan Alhamis ɗinsa. Ranar Talata da sassafe ya tafi Kumbotso wajen wani abokinsa mai sayar da fenti. Abin da ya manta, wanda ko yaron goye a garin ya sani, shi ne Alhamis ce ranar sako ruwa, kuma duk ranar ruwa kwalbatin hanyarsu cika yake ya malala, mota ba ta wucewa. Direban Hajiya kuwa ɗan Bunkure ne, bai manta ba. Ya ce mata in dai ba iyo za su yi ba, gara su je Talata.

Iya tana shanya kuɓewa a ajin da ba rufi sai ta ji tsayuwar mota. Hajiya Halimatu Sa'adiyya ta fito, ta leƙa ajin mai rufi. Wannan karon ko akuyar ba ta zo ba. Ta girgiza kai, ta buɗe jaka tana laluben biro.

"Sannu da zuwa, 'yar nan," in ji Iya. "Malam kike nema? Yana aji."

"Wane aji, Iya? Ba ga ajin nan ba?"

"Wannan ai ɗakin ajiyar benci ne. Jira ni in ɗauko mayafi."

Ta shiga gida ta fito da mayafi, da wani ƙulli na baƙar leda a hannu. Ta shige gaba, Hajiya na biye. Da suka iso inda hanya ta ƙare, saura 'yar siririyar gaɓa tsakanin gona da gona, ruwa dama ruwa hagu, Iya ta dubi farin takalmin nan.

"Da kin cire shi kin riƙe a hannu."

"Ba komai, Iya, na saba."

"To."

A daidai lokacin ko'ina tsit. Malam yana can gonar ƙarshe da sandarsa, yara na jiran abin da zai biyo baya, jan-baki sun samu sarari sun fara sauka kaɗan-kaɗan. A gona ta farko wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce tsaye da igiya, 'yar aji biyu. Hajiya ta ga abin tausayi, ta sunkuya dab da fuskarta, ta yi murmushi, ta ce a hankali, "Gud monin."

Yarinya ta ja numfashi har kafaɗunta suka ɗaga. Ta finciki igiya.

"GUD MONIN MADAM!"

Su kuwa sauran, kusan sati uku ana koya musu duk abin da ya taso daga gonar gaba a karɓa a miƙa. Gona ta biyu ta ɗauka, ta uku ta karɓa, ta huɗu, ta goma, har 'ya'yan ruga a hayi. Gwangwanaye sama da ɗari suka kaɗa lokaci guda. Jan-baki suka tashi gaba ɗaya, fuuu, suka bi ta saman ɗankwalin Hajiya. Ta ce "Innalillahi!" ta ja da baya. Bayan kuwa ba ƙasa. Ƙafa ɗaya ta nutse har gwiwa, ta kai ɗayar don ta ceto ta, ita ma ta bi. Da aka jawo ta, takalmi ɗaya ya fito, ɗaya ya ce shi ya samu wurin zama.

Malam Musbahu ya iso a guje, ya ga wadda ke zaune a bakin kanal Iya na zuba mata ruwa a ƙafa da ƙoƙo. Ya buɗe baki, Turanci ya ƙi zuwa, Hausa ma ta ƙi.

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Daga inda take zaune ta ɗaga biro tana nuna kawuna ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki. Ta daɗe tana yi.

"Arba'in da shida," ta ce. "Ban da na cikin shanu." Ta share taɓo daga haɓarta. "Yawa kam akwai. Amma Iya, wannan ba karatu ba ne. A faɗa, a maimaita. Aku ma yana yin haka."

"Aku yana karanta kwalba?"

"Wace kwalba?"

Iya ta kwance baƙar leda, ta miƙa mata. "Riƙe ta da ledar, kada ki taɓa. Shekara uku tana ɓoye. Malam, ka taɓa ganin ta?"

"Ban taɓa ba, Iya."

"To 'yar nan, zaɓi wanda kike so cikin manyan."

Hajiya ta duba, ta ga wata yarinya a gona ta uku tana ta sunkuyar da kai tana ɓuya a bayan igiya. Irin waɗanda masu duba makaranta ke so ke nan. Ta ce waccan. Iya ta shiga gyaran ɗaurin zani. Ummukulsum ta taho tana jan ƙafa, har da igiyarta a hannu, don ta san in ta saki ba abin da zai fito.

Hajiya ta ɗaga kwalba. Ummukulsum ta ƙura ido, ta bi rubutun da yatsa a iska. Ta ja igiya, ta ƙwala kalma ta farko. Kanal ya amsa har ƙarshe. Ta tsaya, ta haɗa baƙaƙe a hankali, ta ƙwala ta biyu. Kanal ya amsa. A wata doguwar kalma ta cije, ta dubi Malam, ya kau da kai yana zufa, ta koma ta fasa ta gida uku ta fitar da ita da ƙyar. Hajiya hannu ɗaya na riƙe da kwalba, ɗaya na toshe da kunne. Haka aka karanta kwalbar nan tas, gari guda na tayawa, shanun Gidaɗo sun daina kiwo suna kallo.

"To," in ji Hajiya da kunnenta ya dawo. "Me aka ce?"

Ummukulsum ta saki igiya. Muryar ta koma 'yar ƙaramar nan tata, sai da Hajiya ta matso.

"Maganin ciyawa ne, na gonar shinkafa. An ce kada a fesa wa tumatir, ko kusa da shi. An ce guba ne, a ɓoye wa yara."

Baballe yana tsaye a gefe da fartanya a kafaɗa tun ɗazu. Da ya ji haka sai ya juya ya tafi gyaran wata hanyar ruwa da ba abin da ya same ta.

Ummukulsum ta ƙara leƙa ƙasan kwalbar, ta dubi kakarta. "Iya, ba wannan ce ledar da ke rufin rumbu ba? An ce fa kada a ajiye kusa da abinci."

"Ke! An tambaye ki wannan?"

Hajiya Halimatu Sa'adiyya ta so ta daure, abin ya fi ƙarfinta. Ta yi dariya har da hawaye, ga taɓo har gwiwa. Da ta natsu ta ɗora takarda a cinya ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce Malam yana nan, ba inda za shi. Lokacin tsuntsu a riƙa kiran suna a bakin kanal, in an girbe a koma ɗakin ajiyar benci. Sharaɗi ɗaya: kafin ta sake zuwa, a koya musu yin abin a hankali, don ita kunne biyu kacal Allah ya ba ta.

Iya ta saci kallon Malam Musbahu ta ga ko zai yi baƙin cikin burodi mai yanka-yanka. Ta gan shi rigar ta fito daga wando, wuya ya yi baƙi da rana, baki har kunne. Hajiya ta koma mota da silifas ɗin Iya. Takalmin kuwa da yamma Baballe ya tono shi, ya wanke, ya rataya a igiya tsakanin gwangwanaye, ya ce in ta dawo ta tarar da abinta, kafin nan ya yi aiki.

Wannan shi ne abin da Hashimu ya dawo ranar Laraba da gwangwanin fenti biyu ya tarar ana ba da labari a teburin mai shayi, an ƙara masa gishiri, har wasu na cewa iyo Hajiya ta yi. Shi ne yau Alhamis, ranar da ya shirya wa wanka da mai, ya tashi da faɗa ta saman katanga.

Har yanzu bai gaji ba. Iya ta gama zogale, ta kaɗe faifai, tana saurare da kunnen dama.

"Eh, na ji. Daga Bunkure har Kadawa ana yi da mu. To a yi mana. Malam dai yana nan ko an ɗauke shi?"

Ya ƙara wata maganar, mai tsawo, da 'yan kalmomin ofis a ciki.

"Oho, wai Turanci ba a koyon sa a taɓo. Sai a kan kujera, da tabarau. Kai ka sani mana, ai ka yi aiki da manya."

Ta miƙe a hankali, ta dafa gwiwa, ta matsa jikin katanga. Ta sassauta murya yadda daga ita sai shi.

"Hashimu, shekara uku ban ce uffan ba, don darajar yayanka da ke kwance. Amma katangar nan gajera ce, kuma ranar da Baballe ya kawo maka kwalbar ina nan daidai wurin nan ina shanya. Da kunnen dama na ji 'murfi uku, a fesa da safe.' Kwalbar tana nan. In kana so in miƙo maka ita yanzu ka sa tabarau ka sake dubawa, in kira Ummukulsum ta tsaya kusa tana gyara maka. Sai dai ka san muryarta. In ta fara, har ƙarshen kanal za a amsa."